Feda, totur da kilomita 25: inda doka ta raba keken lantarki da babur

Ka ɗauki abubuwan hawa guda biyu ka jingine su a bango ɗaya. Kowanne na da taya biyu, da sirdi, da feda, da batir maƙale a jikin ƙarfe, da ɗan inji a cibiyar tayar baya. Fentinsu iri ɗaya, wataƙila ma masana'anta ɗaya ce ta ƙera su. Ido ba zai raba su ba. Amma a ƙasashe da dama, wanda ya hau na farko mai keke ne, ba wanda zai tambaye shi lamba ko lasisi ko inshora. Wanda ya hau na biyu kuwa direba ne a wurin doka, kuma in ɗan sanda ya tsayar da shi zai iya ɗora masa laifi uku a tsaye ɗaya, a kuma tafi da abin hawan. Abin da ya raba su yana iya zama lamba guda da aka canza a cikin manhajar da ke sarrafa injin.

Mutane da yawa suna tsallake wannan iyaka ba su sani ba, wasu ma tun ranar da suka sayi keken. Wanda ya bi diddigin yadda ƙasashe suka shata ta zai ga tambaya ɗaya ake ta juyawa: idan wannan abin ya bugi mutum, wace irin ɓarna zai yi, kuma wa zai biya?

A da rarrabewar ba ta da wuya. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyena a 1968 ta ce keke shi ne abin hawa mai taya biyu ko fiye wanda ƙarfin jikin mahayinsa kaɗai ke tafiyar da shi. Kalmar "kaɗai" ita ce ƙashin bayan zancen. Duk abin da inji ke turawa ya koma wani gida daban, gidan da aka ɗora wa sharuɗɗa tun farkon ƙarni na ashirin. Birtaniya ta wajabta rajistar mota da lasisin tuƙi a dokar 1903, ta kuma wajabta inshorar da za ta biya wanda aka buge a 1930. Kowane sharaɗi da dalilinsa. Lamba don a gane wanda ya yi ɓarna ya gudu, lasisi don a sami abin da za a ƙwace daga hannun mai ganganci, inshora don kada iyalan wanda aka kashe su tashi a tutar babu. Keke ya tsira daga duk wannan ne saboda cinyar ɗan Adam tana da iyaka. Mutum mai matsakaicin ƙarfi da ke tuƙa keke a natse yana fitar da wat (ma'aunin ƙarfin aiki) ɗari da 'yan kai, kuma da ya matsa zai gaji. Gajiya ce ke taƙaita gudun keke, kuma babu makanikin da zai iya cire ta.

Batir ne ya zo ya rikita lissafin. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar fasahar keke mai batir da inji a tayar baya. Nauyin batir ya hana abin yaɗuwa. A 1993 kamfanin Yamaha ya fitar da keken da injinsa ke taimaka wa mai taka feda, daga baya batirin litiyam ya yi sauƙi ya yi araha, sai ga abin hawa mai inji wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kuma yaro zai iya ɗaga shi. Mai doka ya sami kansa a tsaka mai wuya. In ya ce duk abu mai inji mota ne, to tsohuwar da ke neman ɗan taimako wajen hawa tudu sai ta je gwajin tuƙi. In ya ce duk abu mai feda keke ne, to gobe wani zai maƙala feda a jikin babur mai gudun kilomita 80 ya shiga tsakiyar yara.

Amsar da Tarayyar Turai ta bayar ita ta fi yaɗuwa a duniya, don haka ya kamata a karanta ta da kyau. Dokarta mai lamba 168 ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta cire wani nau'in keke daga jerin ababen hawa masu inji bisa sharuɗɗa uku da dole su haɗu. Ƙarfin injin na dindindin kada ya wuce wat 250. Injin ya tsaya da zarar mahayi ya daina taka feda. Sannan taimakon ya riƙa raguwa har ya yanke kafin gudu ya kai kilomita 25 a awa.

A kan sirdi ne ake gane ma'anar waɗannan sharuɗɗan. Ka ɗora ƙafa a feda ka danna, sai ka ji kamar wani ya sa tafin hannu a bayanka yana tura ka. Ka daina takawa, hannun ya janye nan take. Ka ci gaba, ɗan allon da ke kan hannun keken yana nuna 20, 22, 24, sai ka ji turin yana sakewa a hankali, har keken ya koma nauyinsa na asali, ga batir ga inji duk a kan cinyarka. Ba a hana ka wuce 25 ba. In kana da ƙarfi, ko kana gangarowa daga tudu, ka kai 40 ma doka ba ta ce komai game da keken ba. Abin da aka hana shi ne injin ya raka ka can. Rangwame ɗaya aka yi: maɓallin da ke tura keken ba tare da feda ba har kilomita 6 a awa, gudun mai tafiya a ƙasa, don wanda ya sauka yana jan keken da kaya a kan hawa.

Birtaniya ta daidaita dokarta da waɗannan lambobi a 2015, kuma a can dole mahayi ya kai shekara 14. Kafin nan iyakarta wat 200 ce.

Abin da ya haura wannan layi bai zama haramun ba. Ya dai sauya gida. Akwai kekunan da injinsu ke taimakawa har kilomita 45 a awa, kuma Turai ta sa su a ajin ƙananan babura. A Jamus mai irin wannan sai ya maƙala ƙaramar lambar inshora, ya mallaki lasisi, ya sa hular kwano, kuma galibi ba a yarda ya bi hanyar kekuna ba. Holan ta mayar da su ajin ƙananan babura daga farkon 2017, da lamba ruwan ɗorawa. Suwizalan ma lamba take ba su, amma ta bar su suna bin hanyar kekuna. Wannan aji rayuwar jemage yake yi: a hanyar kekuna ya yi gudu da yawa, a tsakiyar motoci kuma ya yi rauni da yawa, shi ya sa ƙasashe maƙwabta suka kasa haɗuwa a kan inda za a ajiye shi.

Japan ta bi wata hanya wadda, a ganina, ta fi kowacce kusa da ruhin maganar. Ita ba ta tsaya a kan wat ba. Ta auna rabon aiki tsakanin mutum da inji. Tun ƙarshen 2008, in gudu bai kai kilomita 10 a awa ba, injin zai iya ba da har ninki biyu na ƙarfin da ƙafarka ta sa. Daga 10 rabon zai fara sauka, a kilomita 24 ya zama babu. Ka ga an ba da taimako mai yawa a daidai inda ake buƙatarsa, wato wajen tashi daga tsaye da hawan tudu, lokacin da uwa ke ɗauke da yara biyu a keke, aka kuma janye shi a inda haɗari ke fara girma. Ƙafar da ba ta yi komai ba, ba ta samun komai. A Nuwamban 2024 Japan ta ƙara toshe wata ƙofa: abin hawa mai totur da feda babur ne, ko da mai shi ya kashe injin yana takawa da ƙafa.

Amurka ta fi sakin hannu, kuma tsarinta hawa biyu ne. Dokar tarayya ta 2002 ta ce keken lantarki mai ƙaramin gudu shi ne mai taya biyu ko uku, mai feda da ke aiki sosai, da injin da bai kai wat 750 ba, wato kusan ƙarfin doki ɗaya, wanda da injin kaɗai ba zai kai mil 20 a awa ba, kimanin kilomita 32. Har nauyin mahayin da za a yi gwajin da shi an faɗa: fam 170, kusan kilo 77, a kan shimfiɗaɗɗen titi. Sai dai wannan doka ta shafi ƙerawa da sayarwa ne. Ta sa keken a hannun hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi maimakon hukumar motoci. Wa zai hau, a ina zai hau, wannan na jihohi ne. Kalifoniya ta kawo tsarin aji uku a 2015, jihohi da yawa suka kwaikwaya. Aji na ɗaya yana taimaka wa mai taka feda har mil 20. Aji na biyu yana da totur, zai tafi ko ba ka taka ba, shi ma har mil 20. Aji na uku yana taimaka wa feda har mil 28, kuma a Kalifoniya sai ɗan shekara 16 zuwa sama, da hular kwano. Abin lura a nan shi ne mil 28 daidai yake da kilomita 45. Abin da Jamus ke neman lasisi da lamba a kansa, a Kalifoniya keke ne.

Labarin birnin New York ya nuna cewa waɗannan ma'anoni suna taɓa abincin mutane. Shekaru da yawa keke mai totur haramtacce ne a can, alhali da shi dubban masu kai saƙon abinci, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani, ke neman na kansu. 'Yan sanda suna ƙwace kekunan suna yanka tarar dala 500. Mai kuɗin da ya sayi keke mai tsada wanda ke aiki da feda kawai yana wucewa lafiya, mai aikin awa goma sha biyu da ƙafarsa ba za ta iya takawa duk yini ba shi ake kamawa. Sai a Afrilun 2020, cikin annobar korona, lokacin da gari ya dogara da masu kai saƙon, jihar ta halatta su.

Sin kuwa, wadda ke da kekunan lantarki sama da miliyan 350, yawancin abin da take kira keke a ido ƙaramin babur ne mai totur. Ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2019 ta sa iyakar gudu kilomita 25, inji wat 400, batir kada ya wuce bolt 48, nauyi gaba ɗaya kada ya wuce kilo 55, kuma dole a sami feda. Sakamakon ya zama miliyoyin fedoji da ba wanda ke takawa, wasu masu saye ma kwance su suke yi da zarar sun isa gida. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a Satumban 2025 ta amince da gaskiyar: feda ba dole ba ce ga masu totur, an ɗaga nauyin masu batirin dalma zuwa kilo 63, amma an tsananta a kan hana taɓa na'urar taƙaita gudu. Biranen Sin da yawa suna ba waɗannan kekuna lamba ba tare da neman lasisin tuƙi ba, abin da ke nuna cewa ba dole ne sharuɗɗan mota su zo a dunƙule ba, ana iya ɗaukar wani a bar wani.

To cikin waɗannan ma'aunai, feda da wat da gudu da nauyi, wanne ne ya fi faɗin gaskiya?

Wat ne mafi rauni, kuma shi ne mutane suka fi riƙewa. Dokar Turai ta yi magana ne a kan ƙarfin dindindin, wato abin da injin zai iya bayarwa na dogon lokaci ba tare da ya yi zafin da zai lalata shi ba. Ba ta ce komai a kan ƙarfin da zai iya bayarwa na ɗan lokaci ba. Shi ya sa injinan da aka rubuta wa 250 suke kai wat 600 ko fiye wajen hawan tudu, kuma duk halal ne. Lambar da ke jikin injin magana ce ta mai ƙerawa, ɗan sanda ba shi da yadda zai gwada ta a bakin titi. Sannan ƙarancin wat yana cutar da wanda bai kamata ba. Keken dakon kaya mai taya uku da ke ɗauke da kilo 150, ko mutum mai jiki da ke zaune a gari mai duwatsu, suna buƙatar ƙarfi don su motsa, ba don su yi tsere ba. Suwizalan, ƙasar tsaunuka, ta bar kekunanta masu gudun 25 su kai wat 500, Kanada ma ta daɗe a kan 500.

Gudu shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Ƙarfin bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa. Daga kilomita 25 zuwa 45 gudu bai ninka ba, amma ƙarfin da zai sauka a jikin wanda aka buge ya haura ninki uku. A kilomita 25 kana cin kusan mita 7 a daƙiƙa ɗaya, a 45 kana cin mita 12 da rabi. Daƙiƙar nan da ido ke ɗauka kafin ya gaya wa hannu ya kama birki, a nan ake rabuwa tsakanin tsorata yaro da kwantar da shi a asibiti. Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa: direban da ke shirin fitowa daga kwana, in ya hango siffar keke, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta yanke masa cewa yana da lokaci. Shekarun da ya yi yana tuƙi su suka koya masa gudun keke. Abin da ya zo masa da siffar keke da gudun babur ya yaudare shi tun kafin ya taka totur. Nauyi kuma abokin gudu ne, a nan Sin ta yi hangen da wasu ba su yi ba.

Feda fa? Nan ne na fi jinkirin yanke hukunci. Mai tafiyar kilomita 25 da totur da mai tafiyar kilomita 25 da feda, in suka bugi mutum ciwo ɗaya za su ji masa. Kuma akwai masu ciwon gwiwa da masu naƙasa da tsofaffi waɗanda totur ne zai ba su damar hawa keke. Gwamnatin Birtaniya ta nemi jin ra'ayin jama'a a 2024 a kan ɗaga ƙarfi zuwa wat 500 da halatta totur har iyakar gudu, daga baya a 2025 ta ajiye maganar. Duk da haka ina ganin sharaɗin feda yana da amfani biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, wanda ke takawa jikinsa yana cikin tafiyar, yana jin gudun a ƙafarsa, ba ya fizgewa daga tsaye da murɗa hannu ɗaya. Na biyu, feda ita ce shaidar da ido ke gani. Ɗan sanda ba ya ganin wat, amma yana ganin mutum yana hawa tudu a guje ƙafafunsa a sandare. Inda aka halatta totur, an rasa wannan alama, sai a dogara kacokan ga na'urar da ke ɓoye a cikin keken.

Wanda yake ganin duk wannan gardamar malamai ce, ya dubi abin da ya faru a Beljiyom. A Oktoban 2017 mota ta buge wani mutum a kan keken lantarki kusa da birnin Bruges, ya rasu bayan 'yan watanni. Dokar ƙasar tana ba masu rauni a hanya, kamar masu tafiya a ƙasa da masu keke, diyya kai tsaye daga inshorar motar, ba sai an tsaya binciken wa ke da laifi ba. Direban abin hawa mai inji ba ya cikin masu wannan gata. Kamfanin inshorar motar ya ce mamacin direba ne, tunda kekensa na da inji, har da maɓallin da ke kai shi kilomita 20 ba tare da feda ba, ko da yake maɓallin ba ya aiki sai an fara motsa keken da ƙarfin jiki. Shari'ar ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a ranar 12 ga Oktoba 2023 ta yanke cewa wannan keke ba abin hawa mai inji ba ne a ma'anar dokar inshora, domin ba inji kaɗai ke tafiyar da shi ba, kuma ba zai iya yi wa wani irin ɓarnar da babur ko mota ke yi ba. Shekara shida ana jayayya a kan kalma ɗaya. Dokar inshorar Turai da aka gyara a 2021 ta fayyace abin: wajibin inshora yana kan abin da inji kaɗai ke tafiyarwa, in gudunsa ya wuce kilomita 25, ko in nauyinsa ya wuce kilo 25 kuma gudunsa ya wuce kilomita 14.

Ɗaya gefen kuma ya bayyana a gabashin Landan a 2018, inda wani mai keken lantarki ya buge wata mata da ke tsallaka titi, ta rasu. Saboda an sauya keken yana gudun da ya wuce ƙa'ida, sai aka gurfanar da shi a matsayin direba: jawo mutuwa ta hanyar tuƙin sakaci, ba lasisi, ba inshora. Kotu ta wanke shi a 2020. Amma ƙofar da aka shigar da shi kotun ita ce abin dubawa. Ranar da ya hau keken da aka sauya, ya fita daga dokar masu keke ya shiga ta direbobi, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma wanda irin wannan ya buge yana iya tarar da cewa babu wata inshora a bayan mai keken.

Sauyawar kuwa ba wuya gare ta, a nan matsalar take. Kekuna da yawa suna gane gudunsu ne ta wani ɗan maganaɗisu da ke maƙale a jikin wayar taya. Duk zagaye ɗaya sai ya wuce gaban wata 'yar na'ura, ita kuma ta ƙirga. Ana sayar da wani ɗan akwati da bai kai akwatin ashana ba, a sa shi a tsakani, ya riƙa haɗiye rabin ƙirgen. Keken yana tafiyar 44, allon yana nuna 22, injin yana ta turi da zuciya ɗaya. Wasu kekunan ma ba sa buƙatar wannan: ka danne maɓalli biyu na 'yan daƙiƙu, ka shiga ɓoyayyen saiti, ka mayar da 25 ta zama 50. Masana'antar ce ta bar ƙofar a buɗe, mai sayarwa ya san da ita, a ƙasan tallan kuma a rubuta da ƙananan haruffa cewa don amfani a fili mai zaman kansa ne kawai. Kura ce da fatar akuya, kuma da gangan aka ɗinka mata fatar.

Faransa ta sa hukuncin da zai iya kai tarar yuro 30,000 da ɗaurin shekara ɗaya a kan cire taƙaita gudu. 'Yan sandan Holan, da kekuna masu faffaɗar taya suka cika musu gari a hannun matasa, suna yawo da wata na'ura mai birgima da ake ɗora tayar keken a kai a ga inda injin ke yankewa. Duk wannan yana da amfani, amma in aka tsaya a nan an bar jaki ana dukan taiki. Yaro ɗan shekara 14 da iyayensa suka saya masa abin da aka tallata musu da sunan keke, da mai kai saƙon da ake biya gwargwadon yawan saƙon da ya kai, su ne a ƙarshen igiyar. Mai shigo da kaya, da kasuwar intanet da ta karɓi tallan, da kamfanin da ya tsara biyan kuɗinsa ta yadda mai gudu ne kaɗai zai ci abinci, su suka fi cancanta doka ta fara da su. Kwantena ɗaya da aka tsare a tashar jirgin ruwa ta fi shingen bincike ɗari a titi.

Abin da nake tsoro shi ne fushin jama'a ya sa a yi wa kowa kuɗin goro. Duk lokacin da aka sami mummunan haɗari sai a ji kira cewa a sa wa duk keken lantarki lamba da lasisi da inshora, alhali in aka bincika sau da yawa abin da ya yi ɓarnar tun asali ba keke ba ne a doka, babur ne marar rajista, kuma dokar da za ta kama shi tana nan. An riga an gwada wannan hanya ta kuɗin goro. A Ireland ta Arewa, saboda ba a sabunta dokar ba, har zuwa Mayun 2020 keke mai wat 250 yana matsayin ƙaramin babur, sai da rajista da lasisi da inshora da hular babur, alhali a sauran Birtaniya an daɗe da sake shi. Wanda irin wannan sharaɗi ke korewa shi ne dattijon da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, da wadda ba ta da kuɗin mota, da wanda ya ajiye motarsa a gida ya rage cunkoso. Mai gudun 60 a kan abin da aka sauya, wanda bai bi dokar farko ba, ba zai je layin karɓar lamba ba.

Wannan misali gargaɗi ne ga duk ƙasar da dokar hanyarta ba ta ambaci keken lantarki ba har yanzu. Shirun doka ba izini ba ne. Tsofaffin dokoki da yawa sun ce abin hawa mai inji shi ne duk abin da ƙarfin inji ke tafiyarwa, kuma alƙalin da aka kawo wa shari'ar haɗari da wannan jimlar zai yi aiki, tunda ita ce a gabansa. Inda ba a rubuta keɓewa ba, mai keken lantarki yana hawa ne bisa ganin damar wanda ya tsayar da shi.

Batun gobarar batir, wanda ake yawan cakuɗa shi da wannan, hanyarsa daban. Gobarar da ta kashe mutum 15 a wani bene a birnin Nanjing a Fabrairun 2024 ta tashi ne daga inda ake ajiye kekuna, kuma New York ta hana sayar da kekuna da baturan da ba su ci gwajin inganci ba tun 2023. Lasisin tuƙi ba ya hana batir kamawa da wuta. Sai dai akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu, domin keken da aka sauya don ya yi gudu shi ne sau da yawa aka ɗora wa batir da caja da ba nasa ba.

Ga mai shirin saye, amsar tana jikin ƙarfen keken. Wanda aka ƙera bisa ƙa'idar Turai yana ɗauke da tambarin da ke nuna ƙarfin injin da gudun da taimako ke yankewa. A jihohin Amurka masu aji uku, tambarin yana faɗin ajin da gudun da wat. In babu tambari, ko mai sayarwa ya rage murya ya ce zai iya buɗe maka shi, to ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Ka ɗaga tayar baya daga ƙasa, ka murɗa abin da ke hannun dama ba tare da ka taɓa feda ba, ka kalli lambar da allon zai tsaya a kai, sannan ka gwada ta da abin da dokar ƙasar da za ka hau shi ta ce.